Hanci ba mudu ba ne: a zo a auna iskar kasuwanninmu

Duk wanda ke cin kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko ta Illela ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san warin da muke nufi. Tun kafin ka sauka daga mota shi ke fara yi maka barka da zuwa: warin esansi daga teburan ƴan ruwa-ruwa, da hayaƙin manyan motocin da ke layi suna jiran takardun duwan injinsu na kunne, da na kabu-kabu, da na janareta a bayan rumfunan masu caji da masu ƙanƙara, ga kuma bolar da aka cinna wa wuta tun da asuba. Baƙo ya kan toshe hanci. Mu kuwa da ke wuni a ciki tun hantsi har magariba, da mun zauna ƴan mintoci shi ke nan ba mu ƙara jin kome, sai dai da yamma mutum ya koma gida da ciwon kai, ya ce rana ce, ya haɗiyi ƙwaya biyu ya kwanta.

Abin mamaki shi ne, mu ƴan kasuwa mutanen awo ne. Gero da tiya muke sayensa, wake a kan sikeli, atamfa da yadi, mai da lita, canjin naira da sefa kuwa sai an ƙirga sau biyu kafin a sa aljihu. Ba mai karɓar kaya a rufe don kawai mai kayan ya rantse. Amma abin da ya fi kome yawan shiga jikinmu, shi ne muke karɓa ba awo ba tambaya. Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana, wato cikin durom 50, kuma kusan rabin wannan a kasuwa muke shaƙarsa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, hanci bai ma kai ido ba, domin shi gajiya yake yi, ya saba da wari ya daina faɗa maka gaskiya.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, lokaci ya yi da za a ɗebi iskar kasuwannin kan iyaka a kai ta ɗakin gwaji a faɗa mana abin da ke cikinta, kuma mu ƴan kasuwa ne ya kamata mu fara neman a yi hakan, kada mu jira sai wani ya zo ya yi a bayan idonmu.

Wani zai yi dariya ya ce yaya za a ɗebi iska, ita da ba a kama ta da hannu? Ana ɗibarta, kuma hanyar ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami. In wanzami zai yi maka ƙaho, sai ya kafa shi a bayanka, ya zuƙe iskar ciki da baki, ya toshe ɗan ramin, ƙahon kuma ya kama ja da kansa. Haka wannan tulu yake aiki. Tulu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka fi amfani da shi yana cin lita 6, girmansa kamar ƙwallon ƙafa, masu wannan aiki sun fi saninsa da sunan Summa. An goge cikinsa sumul, an yi masa wani irin shafi, don kada ƙarfen ya haɗiye ko ya sauya abin da ya shiga. A ɗakin gwaji ana wanke shi da zafi da iska mai tsabta sau da yawa, a tabbatar babu sauran kome, sannan a sa inji ya zuƙe iskar cikinsa tas, a rufe famfonsa gam.

In an kawo shi inda ake son awo, ba ya bukatar lantarki ko batir, abin da ya sa ya dace da irin kasuwanninmu ke nan. Ana ajiye shi daidai tsayin hancin mutum, a buɗe famfon, iskar wurin ta faɗa ciki da kanta. In ana son a kama wani wari da ya taso farat ɗaya, cikin ƙasa da minti ɗaya ya cika. In kuwa ana son a san abin da mai rumfa ke shaƙa tsawon wuni, sai a ɗaura masa wani ɗan maƙoshi mai daidaita shigar iska, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon awa 8 ko awa 24. Akwai agogo mai allura a kansa da ke nuna sauran wurin da ya rage. Ana rubuta abin da allurar ta nuna lokacin buɗewa da lokacin rufewa, kuma ba a barinsa ya cika taf. Wannan ɗan sauran da aka bari shi ne shaida: in tulu ya isa ɗakin gwaji allura tana inda aka bar ta, to bai yi yoyo a hanya ba, ba kuma wanda ya buɗe shi. Kamar dai dalmar da ƴan duwan ke ɗaura wa ƙofar mota ne. Har takardar rakiya gare shi, duk wanda ya karɓa sai ya sa hannu da rana da lokaci.

A ɗakin gwaji sai a ɗebi kaɗan daga iskar a tura ta cikin wani siririn bututu mai tsawon gomman mitoci da aka naɗe kamar gammo. Kowane irin tururi da gudunsa, wani ya riga wani fitowa, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. A bakin fita akwai wata na'ura da ke farfasa kowane ɗaya ta auna nauyin gutsattsarinsa, ta haka ake sanin sunansa da yawansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta wallafa ƙa'idar wannan aiki a 1999 da sunan TO-15, wadda ta shafi nau'in tururi mai cutarwa 97, ta kuma sabunta ta a 2019. Na'urar na iya gano kashi ɗaya cikin miliyar ɗaya. A ƙiyasce, kamar a ce ƙwayar dawa ɗaya ta faɗa cikin buhun gero wajen 80, a nemo ta. Abin da ya fi mana amfani kuma, mafi yawan waɗannan abubuwa suna zama lafiya a cikin tulun har kwana 30, ke nan ko da ɗakin gwajin yana da nisa, nisan ba hujja ba ne.

To, mene ne muke tsoron a samu? Na farko a jerin shi ne wani sinadari da ke cikin esansi mai suna benzen. Yana tashi daga kwalba da jarka da mazurari duk lokacin da aka buɗe ko aka juye mai, yana kuma fita a hayaƙin mota da na taba. Cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi tun 1979 a rukuni na farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Ɓargo yake taɓawa, inda jiki ke ƙera jini, ya kawo ƙarancin jini, ga wasu kuma sankarar jini bayan shekaru. OMS ta ce babu wani adadinsa a iska da za ta iya cewa ba shi da haɗari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa masa iyaka tun shekarar 2000, mikrogiram 5 a kowace lita 1,000 ta iska a lissafin shekara, mikrogiram kuwa giram ɗaya ne aka raba shi miliyan. Sun kuma hana ya wuce kashi 1 cikin 100 a man da suke sha. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwis mai suna Public Eye ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka 8, ciki har da Benin da Mali da Gana, ta samu benzen da ya wuce abin da dokar Turai ta yarda. Kafin hanci ya iya jin benzen, yawansa ya ninka waccan iyaka sau ɗaruruwa.

Mun san haɗarin mai in wuta ce. Ba mu manta da tankar da ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda fiye da mutum 55 suka rasu, haka ma gobarar ma'ajiyar mai ta Seme-Karake a kan iyakar Benin da Najeriya a watan Satumban 2023, wadda ta ci rai fiye da 30. Waɗannan an gani da ido, an yi jana'iza, an yi jaje. Amma yaron da ke tsotsar tiyo da baki don ya jawo mai daga tanki, da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da jarkoki, da Hajiya mai tuwo da ke wuni taku biyar daga teburin kwalabe da goyo a bayanta, su tururin man suke sha kullum a hankali. In ɗayansu ya fara ramewa bayan shekara goma, ba wanda zai tuna da kwalba, sai a ce shawara ce ko sammu. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya sauya farashi da lissafin wannan sana'a, amma bai ɗauke kwalabe daga bakin hanya ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ɗibar iska ba ta son jinkiri, darasinsa na nan a Abijan, garin da da yawa daga cikinmu suka yi fatauci. A watan Agustan 2006 aka zubar da dattin wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala a wurare fiye da goma a cikin birnin. Gari ya waye da wari mai shaƙe numfashi, fiye da mutum 100,000 suka je likita, hukumomi suka ce aƙalla 15 sun rasu. Kamfanin da ya yi hayar jirgin ya biya gwamnati sefa miliyar 100 a 2007 ba tare da ya amsa laifi ba, aka kuma yi shekaru ana gardama a kan abin da mutane suka shaƙa da illarsa. Ƙasa da ruwa ana iya komawa a ɗiba bayan wata ɗaya ko shekara ɗaya. Iskar daren jiya kuwa ta tafi, in ba an kulle ta a tulu a lokacin ba. Manyan motoci masu ɗauke da mai da taki da magungunan ƙwari suna ratsa garuruwanmu dare da rana. Ranar da ɗaya ta kife ko ta yi yoyo kusa da kasuwa, tulun da ke ajiye a shirye shi ne zai zame mana mai shaida.

Yanzu bari mu faɗi abin da ke cikin zuciyar da yawa daga cikinmu, don ba ma son mu yi kamar ba mu san shi ba. Ɗan kasuwar kan iyaka ya saba cewa duk wanda ya shigo da takarda da alƙalami, abu biyu ke biyo bayansa, ko sabon haraji ko kora. In aka auna aka ce iskar layin ƴan mai ta yi muni, me zai hana gobe a turo jami'ai su kwashe tebura, a raba dubban matasa da abincinsu? Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba mu raina shi ba. Sana'ar kwalba ba don sha'awa ake yin ta ba, rashin aiki ne da nisan gidajen mai suka haife ta.

Sai dai mu duba da kyau. Mai son korar ƴan tebur bai taɓa jiran sakamakon gwaji ba, in ya ga dama yau ma sai ya kore su. Abin da rashin awo ke hanawa shi ne gyara mai ma'ana, irin a ce ga inda matsalar ta fi tsanani, a matsar da wannan layi can, a bar wancan inda yake. Kuma awo ya riga ya shigo kasuwanci ko muna so ko ba mu so. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya, saboda ɗakunan gwajinta sun samu ragowar maganin ƙwari irin na piya-piya fiye da kima. Su sun auna don lafiyar mutanensu, asara ta faɗo kan manomi da ɗan kasuwa. A gefe guda kuma, alƙaluma su ne ƙarfin talaka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya ya samu benzen a dukan iskar da aka ɗiba, a wani wurin har mikrogiram 48, daga nan kukan da mutanen yankin suka daɗe suna yi ya zama magana mai hujja. A garin Norko na jihar Luwiziyana a Amurka, mazauna wata unguwar baƙar fata da ke jikin masana'antar sinadarai sun riƙa ɗibar iska da kansu da bokitin roba mai jaka a ciki, suna aikawa ɗakin gwaji, har a 2002 kamfanin Shell ya yarda ya sayi gidajensu su koma wani wuri. Wanda ke da lamba a hannu, ba a ce masa yana ƙorafin banza.

Wajibi ne kuma mu faɗi iyakar wannan tulu, don kada wani ya zo ya sayar mana da shi a matsayin maganin kowace cuta. Tururi yake kamawa, ba ya auna ƙurar hunturu ko baƙin toka na hayaƙi, waɗannan da na'ura mai matata ake auna su. Iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, ita ma da ƙaramar na'urarta dabam. Tururin ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan wake a mangaza, da na piya-piya, su ma kowanne da hanyar da ta fi dacewa da shi. Sannan tulu ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa a wuri ɗaya. Ba zai ce wane zai kamu da ciwo wane ba zai kamu ba. In aka ajiye shi kusa da mai shan taba, ko mai ɗiba ya sha turare, sakamakon zai yi ƙarya. Shi ya sa aikin ke son tsari da mutanen da suka san kasuwar ciki da bai, wato mu.

Ga abin da muke ba da shawara. A zaɓi kasuwa biyu ko uku a fara da su, misali Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya. A kowace a ajiye tulu a layin ƴan mai, ɗaya a tasha inda manyan motoci ke tsayawa, ɗaya a layin masu abinci, ɗaya a cikin mangaza, ɗaya kuma a bayan gari ta inda iska ke fitowa, don a samu abin kwatantawa. A ɗiba ranar kasuwa, a kuma ɗiba ranar da ba kasuwa. A yi a bazara lokacin da zafi ke wuce digiri 40 mai na tashi kamar ana dafa shi, a maimaita da hunturu lokacin da sanyin safiya ke danne hayaƙi ƙasa. Ba sai an sayi tulunan ba, ɗakunan gwaji ne ke ba da aronsu, kuɗin bincike ake biya. Ba araha ba ne, in an haɗa da kuɗin jirgi kowane ɗaya na iya cin ƴan ɗaruruwan dalar Amurka, amma in aka dubi tikitin da ake yanka mana kowace ranar kasuwa shekara da shekaru, ba abin da ya fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari ba ne, balle in ƙungiyoyinmu sun sa hannu.

Masu ilimin yin aikin kuwa muna da su. Akwai malaman kimiyya a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da ta Damagaram, akwai ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX, a ƙetaren iyaka kuma akwai jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano, da hukumar muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007. Dokar muhalli ta Nijar ta 1998 ta amince da haƙƙin kowa na rayuwa cikin muhalli mai lafiya. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, ita ce ta fi dacewa ta haɗa ɓangarorin biyu, tun da hayaƙin Illela ba ya tsayawa ya nuna takarda kafin ya shigo Ƙonni.

Amma muna da sharuɗɗa uku, kuma muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su riƙe su da kyau. Na ɗaya, wakilin ƴan kasuwa ya kasance a wurin lokacin buɗe tulu da rufe shi, ya sa hannu a takardar rakiya. Na biyu, in sakamako ya fito a karanta shi da Hausa a cikin kasuwa, a kuma faɗa a rediyo, kada ya tsaya da Faransanci ko Ingilishi a aljihun tebur a babban birni, kamar yadda bincike da yawa suka ƙare. Na uku, a yi alkawari tun farko cewa da sakamakon za a gyara tsarin kasuwa ne, a ware wa ƴan mai wuri mai inuwa da sarari nesa da masu abinci, a fitar da wurin jiran manyan motoci waje, kada a mai da shi sandar dukan talaka.

Kafin tulu ya iso, akwai abin da ke hannunmu tun gobe. A daina tsotsar tiyo da baki, a nemi ɗan famfon hannu. A riƙa rufe kwalabe da jarkoki, a ajiye su a inuwa, kada a shigar da su ɗakin kwana. Bakanike ya daina wanke hannu da esansi. A janye ƙananan yara da mata masu ciki daga aikin juye mai. Direban da ke jiran takarda ya kashe injinsa, ai man ma kuɗi ne. Masu ajiyar wake su tuna da buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 da hannun masu binciken INRAN na Maraɗi, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba in an ɗaure shi da kyau.

Ƴan uwa, ɗan kasuwa ya san cewa jari biyu gare shi, kuɗi da lafiya. In kuɗi suka karye ana iya samun mai ba da bashi a sake tashi. Ƙirji da jini kuwa ba a samunsu bashi. Muna roƙon Alhazai da Hajiyoyin da ke da bakin magana a ƙungiyoyinmu su sa wannan batu a taronsu na gaba, su rubuta wa magajin gari da jami'a mafi kusa, su ce ƴan kasuwa ne da kansu ke son a auna. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.